Layin dogon Yamai zuwa Doso: a farfaɗo da shi, ko a jira wanda ke tahowa daga Kano?

Malam Habu, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya bi hanyar Yamai daga nan Maraɗi ya san cewa da zarar an wuce Doso akwai layin dogo kwance a gefen gudron, yana rakiyar mota har kusa da babban birni. Kamfanin Bolloré ne ya shimfiɗa shi, tsawonsa kilomita 143 ne, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, shi ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2016. Tun da aka watse daga bikin, jirgin bai taɓa yin jigila ta yau da kullum ba, ko ta mutane ko ta kaya. A ɗaya ɓangaren kuma, maƙwabtanmu na Najeriya suna jan nasu layin daga Kano zuwa nan garinmu. Abin da nake tambaya shi ne, wanne ya fi mana amfani: a farfaɗo da na Doso a jawo shi gabas har ya sadu da na Kano a Maraɗi, ko kuwa a bar shi inda yake mu mayar da hankali ga na kudu kaɗai? Ina roƙon a tsaya a kan magana, a ajiye siyasar jam'iyya a bakin ƙofa.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ra'ayina a farfaɗo da shi, domin dukiyar da aka riga aka binne a ƙasa bai kamata a zuba mata ido tana tsatsa ba. Ni mai harkar aya da wake ne, kuma na san abin da kuɗin mota ke ci daga kowane buhu kafin ya isa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Ban da kuɗin kamiyo akwai na ƴan dako, akwai na kamasho a tasha, akwai kuma abin da ake bayarwa a shingaye wanda ba a rubuta shi a takarda. Idan jirgi ɗaya zai ɗauki lodin tireloli masu yawa a tafiya guda, talakan Yamai zai sayi wake da sauƙi, manomin Agaye da Gazawa kuma zai sami farashi mai ɗan dama.

Injiniya Laminu:
Alhaji, da girmamawa, akwai abin da ya kamata a fara dubawa kafin a kai ga lissafin buhu, wato faɗin layin. Layin Doso an yi shi ne a kan faɗin mita ɗaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, irin wanda Faransa ta bari a Benin da Burkina Faso da Kodebuwa. Wanda ke tahowa daga Kano faɗinsa milimita 1435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan. Tsohon layin Turawan Ingila a Najeriya kuma milimita 1067 ne. Ke nan faɗi iri uku muke magana a kai, kuma taragon da aka ƙera domin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Idan aka jawo na Doso a yadda yake, to a nan Maraɗi dole a sauke kowane buhu daga wannan jirgi a loda a wancan, kuma kuɗin dakon da Alhaji ke gudu zai dawo ta wata ƙofa.

Abu na biyu, tsakanin Doso da Maraɗi akwai fiye da kilomita 500 da ba a kafa ko ƙusa ɗaya ba, ta Dogondutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji. Saboda haka abin da muke kira farfaɗowa, a gaskiya sabon gini ne wanda ya ninka tsohon fiye da sau uku. Ba ina cewa kada a yi ba ne, ina so ne mu kira abin da sunansa.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
To Injiniya, ba a iya buɗa ƙarafan a ƙara musu faɗi?

Injiniya Laminu:
Ana iyawa, Alhaji, amma ba ƙarafan kaɗai ake matsarwa ba. Katakon siminti da ake ɗora ƙarafan a kai an zuba su ne daidai faɗin mita ɗaya, sai an canza su duka. Tsakuwar da ke ƙarƙashi sai an ƙara ta, tudun ƙasar da aka tara sai an faɗaɗa shi, kwanoni masu kaifi sai an miƙe su, gadoji da kwalbatoci kuma sai an sake auna nauyin da za su iya ɗauka. Abin da zai rage mai daraja daga tsohon aikin shi ne filin da hanyar ta bi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin samun fili da biyan diyya na cikin abubuwan da suka fi cin lokaci a irin wannan aiki. Sannan layin da ya yi shekaru ba a bi ta kansa ba, ruwa yana cin gindinsa a kowace damina. Duk mun ga yadda ruwan 2024 ya yanke hanyar gudron kanta a kusa da Yamai, wadda ake kula da ita, balle hanyar da babu mai duba magudananta.

Baba Ɗan Tibiri:
Ƴaƴana, ku bari tsoho ya sa baki. Maganar jirgi da Maraɗi ba yau aka fara ta ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ya tayar da cinikin gyaɗa a duk ƙasar Hausa. Iyayenmu sun riƙa kai gyaɗar wannan yanki kudu a kan raƙuma da jakuna, daga baya a motoci, domin a loda ta a jirgi zuwa Legas. A 1929 aka ja reshe daga Zariya ta Gusau zuwa Kaura Namoda, a 1930 kuma aka kai wani Nguru, kuma duka domin gyaɗa da auduga da fatu aka yi su, ba domin yawon buɗe ido ba. Faransa da ta ga amfanin gonar ƙasar da take mulka yana fita ta tashar Ingila, sai a shekarun 1950 ta shirya wani tsari na jigila da aka kira Hirondelle: motoci su kwashi gyaɗa daga nan zuwa Paraku da ke ƙasar Dahome, wato Benin ta yau, jirgi ya ɗauka daga can zuwa Kwatano, motocin kuma su dawo da kayan kanti. Daga nan aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar a 1959. Ku lura, muna da rabo a hukumar jirgi shekaru da dama alhali babu ko taku ɗaya na layin dogo a ƙasarmu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne abin da ya kashe waɗannan layuka. Fari na 1973 da 1974 ya zo, ciwon gyaɗa ya biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, aka kuma shimfiɗa gudron ko'ina. Na ga lokacin da ake jera buhunan gyaɗa a filin awo, magatakarda yana zaune da littafinsa kusa da sikeli, mata suna tsintar wadda ta zube, kuma na ga lokacin da filin ya koma wurin ƙwallon yara. Da kayan suka ƙare sai jirgi ya rasa abin ɗauka, da ya rasa abin ɗauka sai aka rasa kuɗin gyara. Wanda zai tayar da layin da ya mutu, ya fara tambayar abin da ya kashe shi.

Malam Habu, Ali Ɗan Sofo:
Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai na Doso bai mutu saboda kaya sun ƙare ba, tun da bai taɓa ɗaukar kayan ba.

Injiniya Laminu:
Haka ne, Malam, shi nasa ciwon daban ne. An tsara shi ne a matsayin yanki ɗaya na babbar hanya da za ta tashi daga Kwatano ta Paraku da Gaya da Doso zuwa Yamai, ta zarce Wagadugu ta sauka Abijan. Tsohon layin Benin mai kilomita 438 ya tsaya a Paraku tun 1936. Aka fara gini daga kan Yamai, sai rikici ya tashi a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na ɗan kasuwa Samuel Dossou a kan wanda ke da haƙƙin aikin, kotun can ta tsayar da Bolloré a 2015, kuma ba a taɓa haɗa Paraku da Doso ba. Sai aka wayi gari da layi wanda bai taɓa teku ba, bai taɓa ma'adini ba, bai taɓa wani layin ba. Ya zama kamar guga mai gajeren igiya, ga rijiya ga ruwa amma bai kai ba. Babu ɗan kasuwar da zai sauke kayansa daga tirela a Doso ya loda a tarago domin tafiyar da mota ke yi cikin awa biyu ko uku, sannan ya sake neman mota a Yamai. Jirgi yana cin riba ne a kan kaya masu nauyi da tafiya mai nisa. Burkina Faso ma ta ga irin haka: layin da aka fara ja daga Wagadugu a zamanin Sankara da nufin kai wa ma'adinin Tambao ya tsaya a garin Kaya, ya kuma zauna babu aiki, alhali na Abijan zuwa Wagadugu yana nan yana jigila saboda yana da tashar ruwa a bakinsa.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Ina gaishe da iyayena da ƙannena. Ku duka maganar buhu da tan kuke yi, ni kuwa maganar mutane zan yi. Mu mata masu zuwa Kano sarin atamfa da kayan ɗaki mun san wahalar hanyar nan. Daga nan zuwa Ɗan Isa, a sauka a nuna takarda, a shiga Jibiya, a sake sauka, a kai Katsina a canza mota, kuma kowace da ƙullin kuɗinta a ɗaure a ƙugu tana addu'a. A dawowa kuma sai an kwance ɗaurin kaya a gefen hanya cikin rana ana ƙirga turame. Idan jirgin Kano zai ɗauke ni da safe, a duba takarduna sau ɗaya, kayana su shiga taragon kaya da rasit, to ni wannan ne layin da nake jira. Na Doso ban ga abin da zai yi mini ba ko da an tashe shi gobe. Hanyar cinikinmu kudu take kallo tun kaka da kakanni, ba yamma ba.

Sanusi mai tirela:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma ina ganin ana ɗora wa jirgi abin da ba zai iya ba. Shingen da ke kan hanya ba mota ce ta kafa shi ba, mutum ne, kuma mutumin nan zai iya ɗaukar teburinsa ya koma tashar jirgi. Sannan ku tuna cewa Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A lokutan nan mu direbobi mun kwana a ƙarƙashin motocinmu makonni, amma aƙalla mota tana iya juyawa ta nemi wata hanya, kamar yadda kayan ƙasar nan suka koma bi ta Lome da Burkina da aka rufe gadar Gaya ta iyakar Benin. Jirgi ba ya juyawa. Ranar da aka rufe iyaka, layin Kano zai kwanta kamar na Doso. Ban da haka akwai direbobi da yaran mota da kanikawa da masu faci da masu abinci a tasha, waɗanda duk a bakin tayar mota suke ci.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
Sanusi, maganarka ta iyaka ita ce ma hujjata. Idan layi ɗaya tak muke da shi kuma linzaminsa yana hannun wata ƙasa, to ba mu da iko da shi. Shi ya sa nake cewa a yi namu na cikin gida daga Yamai zuwa Maraɗi, daga baya har Damagaram. Kaya kuwa akwai su a kan hanyar: siminti a Malbaza, albasa a Galmi da Madawa, man fetur daga matatar Damagaram, hatsi da dabbobi daga nan. Game da direbobi kuma, jirgi ba ya shiga Dakoro ko Mayayi ko kasuwannin ƙauye, ku ne za ku kawo masa kaya ku kuma kwashe daga gare shi. Tafiyarku za ta gajarta, za ku riƙa kwana a gida.

Sanusi mai tirela:
Alhaji, gajeriyar tafiya gajeren kuɗi ce, wanda ya sayi tirela da bashi ya san haka.

Injiniya Laminu:
Gaskiya ne, Yaya Sanusi, kuma ba daidai ba ne a ɓoye cewa wasu za su yi asara. Amma akwai wata asarar da duk muke biya ba mu gani. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa ta kafa ƙa'ida mai lamba 14 a 2005 domin taƙaita nauyin da mota za ta ɗora wa hanya, kuma kowa a nan ya san yadda ake lodi ya wuce kima. Gudron da aka yi domin ya daɗe sai ya farfashe da wuri, a sake cin bashi a gyara. Idan siminti da ƙarfe da taki suka koma kan layin dogo, hanyar mota za ta huta.

Game da jerin kayan da Alhaji ya kawo, ina da shakka a kan albasa. Albasa ba ta jiran jadawali, mai ita yana so a loda yau a tashi yau, kuma yawancinta kudu take nufa, Gana da Kodebuwa da Benin. Dabbobi ma Najeriya suke nufa. Siminti da mai su ne kayan jirgi na gaske, domin suna nan rani da damina, kuma kafin a sa hannu a kan kowace kwangila ya kamata a sami alƙawarin masu su a rubuce cewa tan kaza za su bayar a shekara. Layin Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 ne, kuma kwangilar da aka bai wa kamfanin Mota-Engil a 2021 ta kusa dala biliyan 2, har da reshen Dutse. Kowa ya auna da kansa abin da fiye da kilomita 500 za su ci.

Malama Zuwaira, Madarunfa:
Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren mutanen karkara, domin a gonakinmu layin kudu zai ratsa kafin ya shigo birni. Manomin da aka raba masa gona biyu ba kuɗin diyya kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar inda zai tsallaka da amalankensa, makiyayi ma yana buƙatar a bar masa burtali. Idan aka yi tudu mai tsawo babu isassun mashigai, ruwa zai taru a gefe ɗaya ya cinye shuka, dabbobi kuma su riƙa hawa kan layi. Sannan akwai maganar tsaro, wadda mu na kusa da iyaka ba ma ɗaukarta da wasa. A ranar 28 ga Maris na 2022 ƴan bindiga sun tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane suka kwashi wasu, aka dakatar da jigila har zuwa Disamba. Yankin Jibiya da dajin da ke tsakaninmu da Zamfara kowa ya san halin da suke ciki. Shi ma tsohon layin Kaura Namoda, wanda aka sha maganar jawo shi zuwa iyakarmu, ko an gyara ƙarafansa ba zai yi aiki ba sai hanyar ta zama ta aminci. Layin da ba jirgi a kansa kuma ƴan gwangwan ne ke gadonsa, suna kwance ƙusoshi suna sayarwa a kilo, kamar yadda ake ta kama su a Najeriya.

Baba Ɗan Tibiri:
Ƴata ta faɗi gaskiya. A da, kowane yanki na layi yana da leburorinsa da ke zaune a gefensa, suna bin sa da ƙafa suna ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma suna share magudana. Najeriya ta gyara tsohon layin Legas zuwa Kano ta sake buɗe shi a ƙarshen 2012, aka yi murna, amma tafiyar tana cin fiye da kwana guda, kuma bayan ƴan shekaru jigilar ta koma yau akwai gobe babu. Kuɗin biki ba ya wuyar samuwa, na albashin mai bin layi da guduma shi ne ake mantawa da shi a kasafi.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Baba, to ke nan mu haƙura da jirgin gaba ɗaya?

Baba Ɗan Tibiri:
A'a, Hajiya, ban ce haka ba. Na Kano yana da abin da na Doso ya rasa, domin yana haɗa kasuwa da kasuwa, kuma idan aka gama na Kaduna zuwa Kano da sauran gibin da ke kudu zai kai teku. Shi ya cancanci a shirya masa.

Malam Habu, Ali Ɗan Sofo:
Na karanta duka, kuma ga inda ni na tsaya, ba tare da na rufe bakin kowa ba. Ban ga hikimar kashe kuɗi a tayar da jirgi tsakanin Yamai da Doso shi kaɗai ba, domin dalilin da ya hana shi tafiya a 2016 yana nan bai gusa ba. Abin da ya kamata hukuma ta yi da shi yanzu shi ne ta tsare filinsa kada a gine shi, ta kuma yanke shawara tun wuri a kan faɗin da ƙasar nan za ta bi, domin kada a sake gina wani yanki da ba ya haɗuwa da kowa. Idan za a yi na cikin gida yadda Alhaji ke so, ni a ganina daga Maraɗi ya kamata a fara a nufi yamma, a kan faɗin na Kano, yadda kowane kilomita da aka ƙara zai sami jirgi a kansa tun ranar farko, Malbaza kuma ta zama zangon farko mai kaya. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, kuma aikinta ne ta zaunar da duwan na ƙasashen biyu su amince da bincike a wuri ɗaya kafin jirgin ya iso.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
Malam, na yarda da farawa daga Maraɗi, ban yarda a bar na Doso sai baba ta gani ba. Akwai tashar kaya ta kan tudu da aka tsara a Doso, kuma gadar Gaya ba za ta dawwama a rufe ba. Ranar da aka shirya da Benin, maganar Paraku za ta dawo.

Sanusi mai tirela:
Ni dai har yanzu ba a amsa mini abin da zai faru da taragon da ke cike da kaya ranar da aka rufe iyaka ba.

Injiniya Laminu:
Yaya Sanusi, amsar tana cikin yarjejeniyar da ƙasashen biyu za su rubuta a kan zirga-zirgar jirgin, kuma ya kamata ƴan kasuwa da ƙungiyar direbobi su nemi a saka su cikin masu tattaunawar. Malam Habu, idan zauren ya amince, zan tsara tambayoyinmu a takarda ɗaya: inda tashar Maraɗi za ta zauna da hanyar da tireloli za su bi su isa gare ta, yawan mashigai tsakanin Ɗan Isa da birni, inda za a yi binciken duwan, da wanda zai ɗauki nauyin gyaran yankin da ke cikin ƙasarmu. Alhaji kuma sai ya miƙa ta ga ofishin ƴan kasuwa na jiha.

Malama Zuwaira, Madarunfa:
Injiniya, ka ƙara maganar burtali da magudanan ruwa a ciki, kuma a rubuta takardar da Hausa ban da Faransanci, domin masu gari su iya sa a karanta wa manoma.